A Fara Da Karanta Mita Kafin A Sayi Sola: Wasiƙa Kan Laburaren Jami'a

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ɗan ba mu fili a jaridarka mai albarka mu yi magana kan wani gini da kowace jami'a take da shi, amma ba kasafai ake tunawa da shi ba in ana zancen ci gaba mai ɗorewa, wato ɗakin karatu ko laburare.

A takarda kam an gama magana. A watan Satumban 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa guda 17, kuma a cikin muradi na 16 akwai ƙuduri na 10 da ya ce a tabbatar jama'a suna samun bayanai. Wannan ƙuduri bai faɗo daga sama ba, ƙungiyar laburarori ta duniya, IFLA, ce ta ja gaba da Sanarwar Lyon ta 2014 har aka shigar da shi. A Janairun 2019 kuma ƙungiyar laburarorin Amurka ta sa ɗorewa cikin ginshiƙan aikinta. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen aiwatarwa. Da an ce ɗorewa sai a ruga kasuwa: a sayo sola, a jera kwamfutoci, a yanka kintinkiri, a ɗauki hoto. Bayan shekara biyu batura sun mutu, rabin kwamfutocin an lulluɓe su da leda, babu wanda zai iya faɗin ko an rage wani abu. Laburare dama sana'arsa ke nan, abu guda mutum ɗari su amfana da shi. Abin da ya rasa a ganinmu shi ne awo, da sanin abin da ya kamata ya riga wani, da kuɗin kula da abin da aka saya.

Mu fara da wuta. Laburare na cikin gine-ginen jami'a da suka fi daɗewa a buɗe, amma sau da yawa ba shi da mitarsa, yana cikin lissafin jami'a baki ɗaya. Aikin farko shi ne a sa masa mita tasa. Sannan a ɗora wa mutum ɗaya nauyin rubuta lambar mitar sau biyu kullum, lokacin buɗewa da lokacin rufewa, har tsawon mako huɗu. Bambancin da ke tsakanin lambar dare da ta safiya shi ne wutar da ginin ke sha alhali babu kowa a ciki, kuma wannan lamba ce ke tona asirin kwamfutocin da aka bari a kunne, da fitilun tsakanin kantoci, da na'urar sanyaya ofishin da mai shi ya tafi gida tun la'asar.

Ga misalin lissafi. A ce gini yana da dogayen ƙwayayen fitila 400 na wat 36, suna ci awa 14 a rana. Yunit 200 ke nan kullum a haske kaɗai. In aka maye su da na LED masu wat 18 sai ya sauko zuwa 100. Inda janareta ke ɗaukar ginin, lita ɗaya ta dizal tana ba da kusan yunit 3, tana kuma fitar da kusan kilo 2.7 na hayaƙin kabon, don haka yunit 100 ɗin nan lita 33 ce a rana da hayaƙi kusan kilo 90. Kuskuren da aka fi yi a nan biyu ne. Ana barin tsohon cok, wato ɗan akwatin da ke daidaita wa tsohuwar fitila wuta, a cikin gidan fitilar yana ci gaba da cin nasa rabon, alhali da yawa daga fitilun LED an yi su ne a haɗa su kai tsaye, sai dai a duba umarnin kamfanin. Sannan ana sayen mafi araha, masu kyaftawa, ɗalibi ya zauna awa biyu ya tashi da ciwon kai. Ma'aunin da Turai ke bi shi ne lux 500 (lux ma'aunin ƙarfin haske ne) a kan teburin karatu da 200 a jikin kanta, a auna kafin a biya ɗan kwangila. A kuma raba makunnan, layin da ke kusa da taga ya zama da nasa, don kada a haska inda rana ta riga ta haska.

Sai bayan an yi wannan ake maganar sola, don girmanta ya dogara ne da abin da ginin ke ci. A ƙasashe masu rana, faifan sola na kilowat ɗaya yana ba da kusan yunit 4 a yini bayan an cire asara. Mai buƙatar yunit 200 sai ya sayi faifai 100 na wat 500, wanda ya fara rage cinsa kuwa 50 sun ishe shi, haka batura da inbata su ma su ragu. Batir ne kan fara mutuwa. Irin na dalma ba ya son a zuƙe shi fiye da rabi, kuma duk ƙarin zafi na digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu, amma sai ka ga an cusa shi a ɗan ɗaki mara taga ƙarƙashin bene. Na litiyam ya fi tsada a ranar saye, ya kuma fi daɗewa nesa ba kusa ba. Kada a ɗora na'urorin sanyaya ɗaki a layin batir. A ware layi na musamman ga fitilun ɗakin karatu, da fankoki, da na'urar intanet, da kwamfutar da ke riƙe da kundin littattafai. Faifan kuwa a wanke shi da ruwa da sassafe kafin ya yi zafi, don ƙura kaɗai tana iya cinye kaso mai tsoka na abin da aka biya kuɗi a samu.

A nan dole mu ja kunne, domin garin tsimin wuta akan yi gudun gara a faɗa gidan zago. Takarda ba ta son zafi, masana adana kayan tarihi suna lissafa cewa duk ƙarin digiri 5 yana ninka saurin lalacewarta. Amma danshi ya fi zafi saurin ɓarna. In danshin iska ya haura kashi 65 cikin 100 ya zauna a nan, fumfuna za ta tashi. Mafi muni shi ne a kunna na'urar sanyaya da rana a kashe ta da dare a ɗakin da littattafai suke: bango da kantoci sun yi sanyi, iska mai ɗumi ta shigo cikin dare, sai raɓa ta kwanta a kansu. Gara ɗakin da ba a sanyaya shi sam amma iska na ratsa shi da wanda ake yi wa wannan wasa. Dabarar ita ce a raba mutane da kayan da ba su da madadi. Rubuce-rubucen hannu, da kundayen digiri, da tsofaffin jaridu a tara su a ɗaki guda ƙarami da ke tsakiyar gini, wanda rana ba ta dukan bangonsa, a sa masa na'urar tsotse danshi a riƙe shi tsakanin kashi 35 da 55, a rataye ɗan ma'aunin da ke rubuta zafi da danshi kowace awa. Sauran zauren karatu fanka da tagogi masu fuskantar juna sun wadatar a yawancin watanni, in kuma sai an sanyaya to digiri 25 ko 26 tare da fanka ya isa, a riƙa wanke matatar na'urar duk wata.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: indararon da ganye ya toshe, da famfon bayi da ke ɗiga a saman bene. Littafin da ya jiƙe yana da awa 48 zuwa 72 kafin fumfuna ta kama shi. Wanda ya ɗan jiƙe a tsayar da shi a buɗe gaban fanka, a sa farar takarda tsakanin shafuka a riƙa sauyawa. Wanda ya jiƙe sharkaf a naɗe shi a sa a firiza har a sami sukunin busar da shi. Kada a shanya a rana, bangon zai kanannaɗe. Kantar ƙasa ta tashi aƙalla santimita 15 daga daɓe, kuma kada kanta ta jingina da bangon waje, don nan gara ke bi. In ƙwari sun shiga, a rufe littafin ruf a leda a sa shi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na mako guda, ya fi feshin magani da ma'aikata za su yi ta shaƙa. Ambaliyar birnin Florence na Italiya a Nuwamban 1966, da wadda ta cika ƙasan laburaren Jami'ar Jihar Colorado a Yulin 1997, da gobarar laburaren Jagger na Jami'ar Cape Town a Afrilun 2021 sun nuna cewa manyan cibiyoyi ma ba su tsira ba. Kowane laburare ya kamata ya kasance da takarda guda mai ɗauke da lambobin wayar waɗanda za a kira da jerin kayan da za a fara fitarwa.

Kantocin kansu ma suna cin wuta da fili. Wani bincike da aka wallafa a 1979 kan laburaren Jami'ar Pittsburgh ya gano kusan kashi 40 na littattafan da aka saya ba wanda ya ara ko sau ɗaya a shekaru shidansu na farko. Ba cewa muke a kwashe a zubar ba. A duba tarihin aro, a fitar da kwafe-kwafen da suka yi yawa da littattafan likitanci, shari'a da kwamfuta da zamani ya wuce, sannan jami'o'i maƙwabta su yi yarjejeniya a rubuce kan wadda za ta riƙe kwafin ƙarshe na kowane littafi. Inda babu wannan yarjejeniya kowa zai zubar da nasa yana zaton na ɗan'uwansa na nan. Haka kyautar littattafai: kwantena cike da abin da wata ƙasa ta gaji da shi ba alheri ba ne, shara ce aka sauya wa mazauni. A nemi jerin sunayen littattafan tukuna, a zaɓa, sannan a ce a turo.

Kwamfuta ma haka. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu aka tattara aka sarrafa yadda ya dace. Da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, kwamfutoci masu yawa da lafiyarsu ƙalau sun zama abin zubarwa. Wadda aikinta duba kundin littattafai da shiga intanet ne, a sa mata Linux, manhajar kyauta da ke maye gurbin Windows, da sabon faifan ajiya mai sauri na SSD, za ta ƙara shekaru. Manhajar Koha da aka fara a New Zealand a 1999 kyauta ce, tana tafiyar da aro da kundin littattafai, sai dai kyautar ba ta haɗa da wanda zai kula da ita ba.

Yanzu ga inda muke ganin laburare ya fi iya sauya al'umma. Kowace shekara jami'a tana fitar da ɗaruruwan kundayen bincike kan ƙasar noma, ruwan sha, cututtuka, makarantu da kasuwanci, an yi su da kuɗin jama'a, an tattaro bayanansu daga bakin jama'a, sannan a ɗaure su da bango mai kauri a kulle a ɗaki. Malamin gona, da nas, da ɗan jarida, da mai tsara kasafin kuɗi ba sa ganinsu. Wani ɗalibin kuma ya sake yin binciken daga farko, ko ya kwafe shi don ya san ba mai ganewa. Tun sanarwar Budapest ta 2002 aka san maganin: rumbun jami'a a intanet wanda kowa zai shiga ya karanta kyauta. Manhajojin akwai su, EPrints daga Jami'ar Southampton tun 2000, DSpace daga MIT da HP tun 2002.

Kafa rumbun aikin mako guda ne, cika shi ne aiki. Roƙon malamai su saka ayyukansu ba ya cika rumbu. Jami'ar Liège ta Beljiyam ta gane haka a 2007, ta ce abin da ke cikin rumbu kaɗai za a duba wajen tantance malami da ƙarin girma, sai rumbun ya cika. Haka ya kamata majalisar jami'a ta yi, ta ƙara da cewa ɗalibin digiri na biyu da na uku ba zai karɓi takardar shaida ba sai ya miƙa kundinsa a fayil, da damar jinkirta buɗe shi shekara ɗaya ko biyu in akwai dalili. Tsofaffin kundaye a ɗauki hotonsu da ɗigo 300 a kowane inci, rubutun hannu 400 zuwa 600, a ajiye uwar hoton a tsarin TIFF da ke riƙe cikakken ingancin hoto, a fitar wa masu karatu PDF. A bi da manhajar da ke mayar da hoto rubutu, in ba haka ba injin bincike ba zai ga abin da ke ciki ba. A lura, wannan manhaja takan yi tuntuɓe da haruffa masu ƙugiya irin ɗ da ƙ da ɓ, sai mutum ya bi ya gyara aƙalla take da taƙaitawa. Kowane kundi a cike masa sunan marubuci, take, shekara, sashe da kalmomin nema iri ɗaya, a ba shi adireshi na dindindin irin Handle ko DOI, a kuma buɗe ƙofar musayar bayanai da ake kira OAI-PMH don manyan injinan neman bincike su kwashi bayanansa.

Rumbuna da yawa sun mutu, kuma mutuwarsu iri ɗaya ce. Komai na kan faifai guda sai ya ƙone. Ko wanda ya kafa ya bar aiki da kalmar sirri a kansa. Ko an manta ba a sabunta rajistar adireshin ba. Ƙa'idar ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gini daban, kuma sau biyu a shekara a gwada dawo da bayanan da gaske, don ajiyar da ba a taɓa gwadawa ba zato ce kawai. Kalmar sirri ta kasance a hannun mutum biyu da ambulan a sef.

Buɗe kundi mai shafi 300 cikin yaren masana bai kai shi ga manomi ba. Muna ba da shawarar kowane kundi ya zo da shafi guda cikin harshen mutanen da aka yi binciken a kansu: me aka tambaya, me aka gano, me mutum zai yi da shi. Laburare ya tattara waɗannan shafuka ya miƙa wa gidajen rediyo da ƙungiyoyi. Ta ɓangaren shigowar ilimi kuma, shirin Research4Life, wanda ya faro da Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2002 da AGORA na Hukumar Abinci da Noma a 2003, yana ba cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi dubban mujallu kyauta ko da rahusa. Jami'o'i da yawa sun yi rajista, amma kalmar shiga tana aljihun teburin mutum ɗaya. Littattafan karatu na shirin OpenStax na Jami'ar Rice ta Amurka kyauta ne, lasisinsu ya yarda a buga a kuma gyara, ga ɗalibin da ba ya iya sayen littafin aji ɗaya. A koya wa malamai duba sunan mujalla a DOAJ, jerin tantantattun mujallun da ake karantawa kyauta, kafin su biya kuɗin wallafa, domin mujallun bogi da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin kwana uku sun cinye wa mutane da yawa kuɗi da suna.

Sai tambayar wa ke iya shiga. Ƙungiyar Makafi ta Duniya ta daɗe tana cewa ƙasa da kashi 10 na abin da ake wallafawa ke samuwa a sigar da makaho zai iya karantawa. Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda ta fara aiki a Satumban 2016, ta ba laburare damar mayar da littafi rubutun makafi, ko sauti, ko fayil, ba tare da neman iznin mai haƙƙin mallaka ba, a ƙasashen da suka sa ta cikin dokarsu. Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: kwamfuta ɗaya a hawan ƙasa, da manhajar NVDA mai karanta allo wadda kyauta ce, da abin sawa a kunne, da na'urar ɗaukar hoton shafi, da ma'aikaci guda da ya iya su. Gangaren keken guragu kada tsayinsa ya wuce mita ɗaya a kowace mita 12 ta tsawo, tsakanin kantoci kuma a bar aƙalla santimita 90. Mun sha ganin gangaren da aka yi don cika sharaɗi, wanda mai ƙafa biyu ma sai ya dafa bango.

Mutanen wajen jami'a su ma a yi musu katin karatu a ciki ko da ba aro: malaman sakandare, ma'aikatan jinya, 'yan jarida, tsofaffin ɗalibai. Lasisin mujallu da yawa ya yarda baƙon da ya shigo da ƙafarsa ya karanta a kwamfutar laburare, sai a duba wannan sakin layi kafin a sa hannu a kwangila. Tarar jinkiri kuwa talaka take kora, don wanda bashi ya taru a kansa ba ya dawowa, littafin ma ba ya dawowa. Laburarorin jama'a na Chicago sun soke ta a 2019, na New York a 2021. A jami'a za a iya barinta kan littattafan da ake rububi kaɗai, sauran a dakatar da aro har a dawo da na hannu. Kuma da zarar an dawo da littafi a goge sunan wanda ya ara. Ɗalibar da ke neman bayani kan wata cuta, ko ɗalibin da ke karanta ra'ayin da shugabanni ba sa so, ba za su taɓa littafin ba in sun san ana ajiye suna.

Roƙonmu ga shugabannin jami'o'i da ma'ajinsu shi ne kada a amince da sayen kowace na'ura sai an rubuta a takardar sunan ofishin da zai kula da ita, da shekarar da za a sauya batir ko faifai, da layin kasafin da kuɗin zai fito. Kuɗin dizal da wutar da laburare ya rage a bar masa wani kaso ya zuba a wannan layi, in ba haka ba ma'aikata ba su ga dalilin wahalar da kansu ba. A ƙarshen kowace shekarar karatu kuma shugaban laburare ya kai wa majalisar jami'a shafi guda: yunit nawa aka sha bana da bara, kwana nawa danshi ya haura 65 a ɗakin ajiya, kundi nawa ya shiga rumbu kuma sau nawa aka sauke, baƙi nawa suka karɓi kati, littafi nawa aka mayar wa masu larurar gani. A manna kwafin shafin a bakin ƙofa inda ɗalibai za su gani.

Wassalam.

Naku,
Wasu ma'aikatan laburaren jami'a